Na Ɓoye Wa Likita Wadda Ta Haife Ni

Lokacin da abin ya faru shekarata ashirin da uku, ina goyon 'yata ta biyu, muna zaune a Tsiga, maigidana yana noman masara da auduga. Karatuna bai wuce aji huɗu na firamare ba. Ni 'yar riƙo ce. Tun ranar da aka yaye ni aka kai ni ɗakin matar baffana, wadda Allah bai ba haihuwa ba, ita nake kira Inna. Wadda ta haife ni tana Maska, kuma da yake ni ce 'yar fari, ko sunana ba ta faɗa. Ina shekara goma sha ɗaya ta rasu. Na tuna an kai ni gaishe ta, na ga ta daina ɗaurin ƙirji sai mayafi, ɗakin kuma yana wani wari da turaren wuta ya kasa rufewa. Aka ce daji ne a nono. Ƙanwarta ma daga baya cikinta ya kumbura kamar mai wata tara, ta bi ta.

Ina cikin shayarwa na ji ƙullutu a nonona na hagu. Tsoro ya hana ni cin abinci. Daga Funtua aka tura mu babban asibiti a Zariya, Inna ce ta raka ni tana riƙe mini yarinya. Likitar mace ce. Bayan hoto ta ce ruwan nono ne ya taru, ba komai. Sai ta tambaye ni ko a danginmu akwai wadda ta taɓa ciwon daji na nono ko na ƙwan haihuwa, musamman mahaifiyata da 'yan'uwanta. Ta ce akwai irin da ke bin jini. In akwai shi a gida ana gwajin jini, ba wai ya ce lalle za ki kamu ba, amma sai a riƙa duba ki da 'yan'uwanki tun abin bai yi ƙarfi ba.

Na waiga na ga Inna tana jijjiga 'yata a kafaɗa. Matar da ta goya ni, ta yi mini kitso, ta kai ni ɗakin miji, ta yaya zan buɗe baki a gabanta in ce ba ita ta haife ni ba? Wallahi ban iya ba. Na ce ga mahaifiyata nan, lafiyarta ƙalau. Likita ta yi murmushi ta rufe takarda.

Bayan shekara biyu ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya, da ke aure a Gozaki, ta kira ni ta ce ta ji ƙullutu. Ni da bakina na ce mata kada ta damu, nawa ma ruwan nono ne, ta riƙa gasawa da ruwan ɗumi. Ta yi ta gashi har kaka ta wuce, don yayarta ce ta faɗa. Da muka kai ta asibiti abin ya kai hammata. A ranar na faɗa wa likitoci gaskiya duka, amma gaskiyar ba ta ƙara mata komai ba. Ta rasu ta bar yaro ko tafiya bai fara ba.

Ranar sadakar bakwai na kasa daurewa na gaya wa Inna dalilin da ya sa na ɓoye wa likita gaskiya. Ta ce ashe ni wawiya ce, ita ba ta san cikin da na fito ba? Ta ce ta ji tambayar likita sarai, ta yi shiru ne don kada ta kunyata ni a gaban baƙuwa. Ina kare ta, tana kare ni, ƙanwata ce ta biya.

Yanzu an ɗebi jinina, ina jiran sakamako. In ina yi wa 'ya'yana mata wanka sai in tsaya ina kallonsu har ruwan ya huce. An koya mana kunya da kara, ba wanda ya koya mana inda ake ajiye su. 'Yan'uwana mata, musamman 'yan riƙo irina, ku tambayi abin da ya kashe iyayenku mata da goggonninku, ku riƙe shi. In likita ya tambaya ku faɗa, ko wa ke zaune a ɗakin. Kuma kada ki ce wa wata ciwonta irin naki ne. Ke ba ki gani ba, ki ce ta je a duba ta.