Ranar da Na Ja Motar Gawa zuwa Maiyama

Na yi shekara talatin da wani abu ina riƙe da sitiyari, na kuwa ga abubuwa iri-iri a kan hanya, amma akwai wani yini guda da ba zai taɓa fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba. Ina da wata tsohuwar a-kori-kura da nake ɗaukar albasa da ita daga Aliero in kai kasuwannin kudu. Ta tsufa, amma na san halinta kamar yadda na san tafin hannuna, domin na ɗan taɓa kanikanci kafin in fara tuƙi. Ranar nan ana tsakiyar bazara, na cika ta da buhuna, na ratsa Jega wajen hantsi. Ina wuce gada kaɗan sai na hangi wata ƙaramar mota a gefen titi, wani dattijo tsaye yana ɗaga mini hannu biyu.

Na tsaya muka gaisa. Ya ce, “Malam, don Allah ka taimake mu. Ƙanena na cikin motar ga. Ya faɗo daga bisa itace, munka kai shi wajen masu ɗori Aliero, sai rai ya yi halinshi. Gida muka son kai shi, gaba da Maiyama kaɗan, ga mota ta mace muna.”

Na leƙa. An kwantar da kujerar gaba, an shimfiɗe mamacin a kai, an lulluɓe shi da farin mayafi. Direban motar, wani siririn mutum mai yawan kifta ido, ya ce motoci uku sun tsaya, kowa ya ji gawa ce sai ya ja motarsa. Ɗora shi kan buhunan albasa cikin wannan rana bai dace ba. Sai na fito da igiyata na ɗaure motarsu a bayan tawa. Direban ya shiga tasa don ya riƙe sitiyari, dattijon ya zauna kusa da ni.

Ba mu yi nisa ba na ji motata tana nishi kamar mai hawan dutse, alhali hanyar shimfiɗe take. Na dubi allurar zafi, na ga tana hawa a hankali har ta kusa ja. Na gangara na tsaya. Da na buɗe bonet, lagireto yana ta kuka, tururi na fita ta gefen murfi. Na jira ya huce, na sa tsumma na buɗe, na ga ruwan bai ragu sosai ba. Na ƙara daga jarka. Na danna fanbel, a ɗaure yake tam. Na matsa tiyo na sama da na ƙasa, babu mai yoyo. Na duba ƙarƙashi, ƙasa a bushe.

Muka tashi. Ko zango guda ba mu ci ba allura ta sake hawa.

Wannan karon na zaro ma’aunin baƙin mai in ga ko ruwa ya shiga ciki, na ga man baƙi ƙirin yadda na san shi. Na tada injin, na leƙa bakin lagireto ko zan ga kumfa, babu. Salansar motar ba ta fitar da farin hayaƙi. Sai na kwance igiyar, na tafi ni kaɗai da lodina na ɗan yi nisa na dawo. Allura ta zauna daram a tsakiya, kamar ba ita ba. Wannan ne ya fara tada mini tsikar jiki, domin na sha jan motocin da suka fi wannan nauyi.

Wurin da muka tsaya babu gida, babu mai wucewa. Gonaki ne fayau, iska ta ɗauke, ko kukan tsuntsu ba ka ji. Direban ya jawo ni gefe.

“Maigida, ni hwa ina jin wani abu. Duk sadda munka fara tafiya, sai in ji gurnani cikin motar, daga wajen kanshi.”

Na ce masa ya ji tsoron Allah. Amma dattijon ya riga ya ji. Ya zauna a bakin titi ya dafe kai. Can ya ce, “Shi na. Ba ya son zuwa.” Ya ba mu labari cewa shekara tara da suka wuce sun yi faɗa a kan gonar gado, ya gaya wa ƙanen maganar da ba ta faɗuwa. Ƙanen ya bar garin, ya rantse ƙafarsa ba za ta sake taka shi ba. Tun ranar ba su sake magana ba, sai jiya da aka aiko cewa ya faɗo, kuma ko da ya isa ya tarar ƙanen ba ya gane kowa.

Yau da nake ba da labarin nan na san mamaci ba ya riƙe mota. A ranar ma na sani. Amma sani daban, tsayuwa a dajin nan da tsakar rana kusa da wannan farin mayafi daban. Gaskiya na yi tunanin in naɗe igiyata in tafi. Abin da ya hana ni shi ne zafin rana, da sanin cewa bawan Allah nan yana bukatar makwancinsa kafin yamma.

Na sake ɗaurawa, na ce direban ya shiga tawa ya ja a hankali tunda hanyar miƙe take, ni kuma in bi tasu da ƙafa. Da ta motsa sai na ji gurnanin da kunnena, mai kauri, yana fitowa daga baya. Sai kuma wani ƙauri ya bugi hancina, ƙaurin da kowane direba ya sani. Na kai hannu kusa da ƙarfen tayar baya, na janye da sauri, zafi kamar tukunya a kan murhu. Birki ne a kame.

Na tambayi direban ko ya sauke birkin hannu. Ya rantse ya sauke tun a Jega, sai dai bai duba ba, domin tun da aka sa gawar ya kasa juya kansa wajen. Birkin kuwa yana tsakanin kujeru, mayafin ya rufe shi. Babu wanda ya motsa a cikinsu. Na yi bisimilla, na buɗe ƙofa, na ɗaga gefen mayafin.

Hannun mamacin ne kwance a kan ƙarfen birkin, yatsunsa sun ɗan lanƙwashe a kai.

Ban san tsawon lokacin da na yi a sunkuye ba. Da hankalina ya dawo sai na lura hannun zamewa ya yi, kuma bakin mayafin ya cusu a ƙarƙashin ƙarfen, ya hana shi sauka har ƙasa. Abin ke nan. Duk da haka na kasa taɓawa. Dattijon ne ya zo ya durƙusa, ya ɗauki hannun ƙanensa da hannu biyu, yana hawaye.

“Ka yafe mani, ɗan’uwana. Ni ad da laifi. Mu tai gida.”

Ya mayar da hannun a gefensa ya rufe. Na zare mayafin, birki ya sauka ƙas. Daga nan har ƙauyensu allura ba ta ƙara motsi ba. Da ni aka yi masa salla bayan la’asar.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, tsoro yana hana mutum duba wurin da matsala take. Na kusa wargaza injin da ba shi da laifi, don kawai dukanmu muna gudun kallon kujera guda. Na kuma ga yadda neman gafara yake da nauyi idan wanda ake roƙo ba zai iya amsawa ba. Shi ya sa duk wanda na saɓa wa, nakan je in same shi tun yana iya ce mini ya yafe.