Velizar, Mai Mayar wa Marasa Murya Waƙarsu

Kullum ƙarfe bakwai na safe Velizar Donchev yakan sayi banitsa mai zafi, wato wainar fulawa da cuku, ya gangara ɗakin aikinsa a ƙarƙashin gidan al'adu na unguwarsu a birnin Plovdiv. Shekara ashirin da biyu ke nan. Yakan rubuta kalmomi, kwamfuta ta furta su, shi kuma ya yi ta jan sautin yana lanƙwasa shi, yana sa masa amsa-kuwwa, har maganar inji ta koma waƙa. Yawancin masu nemansa mutane ne da cuta ta raba da muryarsu.

Bana kunnensa na hagu ya mutu, na dama ma ya fara bi. Ana cikin haka Goggo Tsvetanka ta zo, tsohuwar mawaƙiyar biki da likitoci suka cire wa maƙogwaro. Ta ajiye tsofaffin kaset uku na waƙoƙinta, ta rubuta a takarda: “Jikata za ta yi aure ranar Lahadi. Ina so in yi mata waƙa.”

Kwana biyar yana koya wa kwamfuta muryarta daga kaset ɗin. Abin da ke cin ransa shi ne ba ya jin siririn sauti, bai san ko ya yi daidai ba.

Matarsa Rumyana ta ce, “Maigida, ka faɗa wa Goggo gaskiya mana. In abin ya fito kamar kukan agwagwa a gaban surukai fa?”

Ya ce, “Ke dai bari. Abin da nake tsoro ke nan.”

Ranar Asabar ya kunna wa Goggo waƙar, idonsa a kan fuskarta. Ta saurara, ko motsi ba ta yi ba. Can sai ta rubuta: “Kai kurma, ka mai da ni yarinya. Ƙara min shekaru.” Ya ƙara wa muryar kaushi. Da ya sake kunnawa, sai ta rufe fuska da ɗankwalinta, kafaɗunta suna girgiza. Waɗanda suka je bikin sun ce da aka kunna waƙar, amarya ta tsaya cak a tsakiyar rawa, ta ruga ta rungume kakarta.

Kai ne ka yi wannan, Velizar, da rabin kunne da fargaba fal ranka. Mun gode, mai haƙurin sauraro.

Likita ya ce ƙarshen Afrilu Velizar zai ajiye aikin, kuma har yau ba wanda ya zo koyo. Akwai mutum bakwai da ke jiran layi da kaset ɗinsu. Masu lafiyayyen kunne, ku gangara wurinsa tun yana iya jin tambayarku.