Hancin Yayata

Yayata ta dawo daga Jidda da akwati biyu. Ɗaya na tufafi ne, ɗaya kuwa ƙarami ne na ƙarfe, wanda ba ta yarda kowa ya ɗaukar mata ba tun daga tashar Ɗambatta har ƙauyenmu. Mu duk mun zaci gwal ne. Da ta buɗe shi a tsakar gida sai ga ƙulle-ƙulle da 'yan kwalabe. Inna, mahaifiyarmu, ta leƙa ta taɓe baki ta ce, "Duk shekarun nan da kika yi a can, ashe sassaƙe kika je tarawa?"

Aikin girki ta yi a gidan wasu Larabawa bayan rasuwar mijinta. A kicin ɗin akwai Ba'indiya, akwai 'yar Indunusiya, akwai wani tsoho ɗan Yaman, kowa da irin hannunsa, ita kuwa ta kwashi na kowa. Dama can Allah ya ba ta hanci. Tun muna yara, daga zaure za ta gaya miki daddawar miyarki ta tsufa, ko kin bar tafarnuwa ta ƙone. Ni kuwa baki aka ba ni. Lokacin da ta dawo ina zaune a gida aurena ya mutu, kuma ko ba a faɗa ba kowa ya san bakin nan nawa yana da hannu a ciki. Ba a taɓa gaya mini magana na kwana da ita ba.

A wajenta na san cewa ba a watsa kayan ƙamshi cikin tukunya kamar ana watsa wa kaji tsaba. Indiyawa, in ji ta, a mai suke fara soya su, kirfa da kanumfari da wasu 'yan koraye da take kira hel, sai sun fara tsalle sannan albasa ta biyo. Larabawa kuwa busasshen lemon tsami suke hudawa, baƙi ƙirin, su jefa a romon shinkafarsu ta kabsa. 'Yar Indunusiyar ba ta yarda da busasshen abu ba, ɗanyar citta da kurkum take kirɓawa da tafarnuwa. Za'afaran kuma sai an jiƙa shi a ruwan ɗumi. A nan ne Inna ta ce ita dai ta san za'afaran na rubutun sha ne, zuba shi a shinkafa almubazzaranci ne. Ta faɗa tana loma ta uku.

Ranar da Yaya ta dafa kabsa, ƙamshin yakan haura katanga ya bi lungu har bakin gonaki. Gidajen ƙauyenmu a manne suke da juna, gonaki sun kewaye mu ta ko'ina, ba abin da za ki dafa a ɓoye. Ita ma ba mai ɓoyon ba ce, kwano-kwano take rabawa. Aka sa mata suna Hajiyar Jidda. Sai dai bakin da ya ci shi ne ya fara magana. Wai abincin da ke kiran mutum daga gona ba banza ba. Wai mace ba miji ba ɗa, tana yi wa tukunya Larabci. Na tare mata biyu a bakin rijiya na wanke su tas, Yaya ta ce in rabu da su, wanda bai san abu ba dole ya tsorata da shi.

Akwai wata 'yar maƙwabciyarmu, ba ta fi shekara shida ba, kullum tana gindin murhun Yaya. Cikin akwatin nan akwai wani abu mai siffar tauraro, busasshe, kowane reshe da ƙwaya mai sheƙi a ciki, ƙamshinsa zaƙi-zaƙi. A shayi Yaya take sa shi da romon nama. Yarinyar ta nace tana so, Yaya ta ba ta ɗaya, ta ƙulle a haɓar zaninta tana kwancewa tana shinshinawa.

Damina ta yi tsakiya, gero ya rufe mutum, sauro ya yi yawa, zazzaɓi ya kwantar da yarinyar. Aka yi ta ba ta jiƙe-jiƙe. Ran nan da hantsi jikinta ya rikice, ta fara jijjiga, idanu sun kafe, cikin fitar hayyaci tana cewa, "Hajiyar Jidda, tauraro, Hajiyar Jidda." Uwar ta zo sauya mata zane, ta ji ƙulli, ta kwance, sai ga abin nan mai rassa da idanu.

A wajenmu idan mara lafiya ya ambaci sunan wani cikin zafin ciwo, to magana ta ƙare, an kama maye. Sai a ce ya kama kurwarsa, kuma ba zai saki ba sai an kawo shi ya tuɓe ya tsallaka shi. Malamai sun sha yin wa'azi a kan haka, amma ranar da ɗan mutum ke shure-shure ba wanda ke tuna wa'azi.

Ranar kasuwar Ɗambatta ce, yawancin dattawa ba sa gari. Ina daka a tsakar gida, Yaya na tsince shinkafa, sai muka ji ihu yana matsowa. Kafin in ajiye taɓarya an banke ƙyauren zaure. Baffan yarinyar ne a gaba, ƙanin ubanta, da gora a hannu. Bayansa samari da mata, wasu da duwatsu, wasu da itacen girki. Na san kowa a cikinsu. Babu wanda bai taɓa cin shinkafarta ba.

"Fito ki sakar mana 'ya, mayya!" in ji shi.

Na ce, "Uwarka ce mayya! Fita mana daga gida!"

Bai ko kalle ni ba. Ya fizgi Yaya ta ɗankwali har da gashi, ya ja ta a ƙasa, farantin shinkafar ya watse. Wasu mata suka afka ɗakinta suka fito da akwatin ƙarfen suka zazzage shi. Lemon nan baƙaƙe suka gangara cikin ƙasa, wata ta daka tsalle da baya tana salati, "Ga su nan! Ga kurwar mutane nan ta busar!"

Yaya tana durƙushe tana cewa, "Lemon tsami ne, wallahi lemon tsami ne, ku fasa ku shinshina. Ku kai yarinyar nan asibiti, zazzaɓi ne ya hau mata kai."

Dutse ya same ta a kafaɗa. Wani ya kama wuyan rigarta ya keta. Ta sa hannu biyu ta riƙe rigar a ƙirjinta, to a wannan lokacin da hannayenta ba sa kare fuskarta baffan ya ɗaga gora ya sauke mata tsakanin idanu. Ta tafi da baya, ƙeyarta ta daki bakin turmin da nake daka a ciki. Har yau ina jin ƙarar. Jini ya ɓalle ta hanci da baki.

Ban san lokacin da na ɗaga taɓarya ba. Ya sake ɗaga gorar, na sakar masa a dantse da iyakar ƙarfina, ƙashin ya ce ƙas kamar an taka busasshen kara. Ya ƙwalla ƙara ya zube. Ban yi nadama ba, ko a lokacin ko yanzu, takaicina ɗaya hannu guda na samu. Sai suka yo kaina. Aka ƙwace taɓaryar, aka kai ni ƙasa, ana shuri ana duka ta ko'ina. Na ciji ƙafar wani har na ji gishirin jininsa. Inna da tsufanta ta kife a kan Yaya, itacen da aka nufi Yaya da shi a bayanta yake sauka.

Abin da ya cece mu wautarsu ce. Wata ta kwashi ƙulle-ƙullen nan ta watsa cikin murhu wai a ƙone tsafi. A ciki akwai busasshen barkonon Indiya, wanda Yaya ke sa guda ɗaya tak a tukunyar gida guda. Hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida. Masu jifa suka saki duwatsu suna tari suna hawaye, ana turereniya a bakin zaure, wasu na ihun ta sako musu aljanu. Cikin haka liman ya shigo a guje daga gona da fartanya a hannu, ya tsaya a kanmu ya ce duk wanda ya sake ɗaga hannu sai dai ya fara da shi.

Na rarrafa wajen Yaya. Hancinta ya karkace, ido ɗaya ya kumbura ya rufe. Abin da ta fara tambaya shi ne, "An kai ta asibiti?"

Ba a kai ta ba. Uwar tana bakin zaure tana birgima, ta rantse yarinyar ba za ta bar ɗaki ba sai an tsallaka ta. Liman ya yi faɗa ya yi lallashi, ta ƙi ji. Sai Yaya ta dafa turmi ta miƙe, ta ce a kai ta wajen yarinyar, za ta tsallaka, amma da tufafinta, kuma da sharaɗin ana gamawa a sa yarinyar a mota.

Na riƙe zaninta na ce, "Yaya, kar ki yi. In kika tsallaka kin amsa kenan. Har ki mutu sunan nan ba zai bar ki ba."

Ta ce, "Sunana ne zai mutu, ita kuwa ranta ne. Sake ni."

Ta tsallaka yarinyar jini na ɗiga daga haɓarta a kan tabarma. Mota ɗaya ta kwashe mu zuwa Ɗambatta, ita da yarinyar da baffan mai karyayyen hannu, ni ina zaune a tsakiya ina hararar sa har muka isa. Yarinyar ta sha allurai da ƙarin ruwa, ta tashi. A ƙauye kuwa aka ce ai ga shi nan, da ta tsallaka ta saki. Da kuwa yarinyar ta mutu, da cewa za su yi ta cinye ta. Wannan ya fi dukan yi mini ciwo, kuma na tsani garin nan tsana mai tsanani, ban ɓoye wa kowa ba.

Kafin kaka muka tattara muka koma Ungogo wajen kawunmu. Raunin Yaya ya warke, kumburi ya saɓe. Wata rana ina wanki a waje na jiyo ƙauri, na shigo da gudu, na tarar da ita zaune ta ba murhu baya tana yanka alayyahu, albasa ta ƙone ƙurmus a cikin mai, hayaƙi na tashi a bayanta, ba ta sani ba. Likita ya ce buguwar da ta yi a kai ce ta taɓa jijiyar hanci, wataƙila jin ƙamshin ya dawo, wataƙila ba zai dawo ba. Bai dawo ba.

Har yanzu tana girki, da ido da hannu da abin da ta haddace, ni ce hancinta. Sai ta ɗaga murfi ta ce, "Zo ki shaƙa min, kirfar ta fito?" In ce ta fito, ko in ce da saura. Mutane suna yaba abincin, ita kuwa ta ce duk ɗaya take jin sa da gayan tuwo.

Kwanakin baya na shiga kasuwa a cikin birni, na ga tauraron nan a tiren wani mai kayan ƙamshi, na sayo mata. Na sa mata ɗaya a tafin hannu. Ta kai hanci kamar yadda ta saba, ta lumshe ido ta ja numfashi mai tsawo, ta sake ja. Sannan ta sauke hannun tana jujjuya shi da yatsa.

Ta ce, "Tuna min, kamar me yake ma?"

Na buɗe baki, bakin nan da bai taɓa rasa amsar kowa ba, na tsaya ina kallon ta. Ta jira ni har ta gaji, sannan ta jefa shi cikin tukunyar shayi ta ce in miƙo mata sukari.