Daga Plumstead Zuwa Barnet da Kare Mai Ciwon Suga

Tashi daga gida

Tun gari bai waye ba muka fita, wata Asabar a farkon sanyi, can ƙarshen shekarun 1980. Ina jin ƙarfe biyar ta ɗan gota, ko da yake ba zan rantse ba, abin ya daɗe. Matafiyan mu biyu ne: ni da Tobi, karen matar da nake haya a gidanta a Plumstead, wata unguwa a birnin Landan. Na san wasu a gida za su kai nan su ajiye takardar. Ina roƙon su ɗan yi haƙuri su ji ƙarshe.

Lokacin na gama digirina na biyu a fannin ruwan sha, ina jiran takardu in komo. Mai gidan, Misis Dorin, ta haura sittin, mijinta ya rasu, ba ɗa ba jika, sai Tobi. Kare ne baƙi da fari, irin na makiyayan tumakin ƙasar. A ƙuruciyarsa ya yi suna a wata gasa da Turawa ke shirya wa karnuka: a jera shingaye, da dogon bututu na tamfol, da sanduna a tsaitsaye, da wata siririyar gada ta katako wadda tsayinta ya kai ƙirjin mutum. Kare ya bi su ɗaya bayan ɗaya a guje, mai shi yana gefe yana nuna masa hanya. Sai tsufa ya zo wa Tobi, ciwon suga ya biyo baya: kullum allura, abinci a kan awo. Ita kuma aka yi mata aiki a ƙugu, gudu ya gagare ta. Da haka na tsinci kaina ina tsere da kare a filin unguwa da yamma, tana zaune a benci tana ɗaga murya.

Amma da sharuɗɗana. Ina da riga da wando na musamman a bayan ƙofar kicin, waɗanda ba na salla da su, ina kuma da safar hannu ta fata. Duk watannin nan fatar hannuna ba ta taɓa jikinsa ba. Na taɓa tambayar wani malami, ya ce mini a mazhabarmu kare mai rai ba najasa ba ne. Na ji, na gode masa, amma abin da mutum ya tashi da shi ba ya fita da amsa guda.

Gasar ranar ta tsofaffin karnuka ce, a wani fili bayan Barnet, can arewacin birnin, kuma likitan dabbobi ya ce daga ita Tobi ya huta. Saboda sammako, Misis Dorin ta yi masa allura da abinci kafin lokacin da ya saba. A bakin ƙofa ta miƙo mini 'yar kwalbar zuma.

“Idan ka ga yana layi kamar mashayi, sugansa ne ya faɗi. Ka shafa masa a dasashi nan take. Ba da cokali ba, ba zai iya haɗiyewa ba.”

Na ce to.

“Ba na neman ya zo na ɗaya, Bashir. Ko na ƙarshe ne, ya dai gama zagayen. Bai taɓa shiga fili ya fito bai gama ba.”

Na sake cewa to.

Jirgin ƙasa zuwa Charing Cross

Tashar Plumstead ba kowa sai mu da wasu mata 'yan kudancin ƙasarmu masu tafiya aikin share ofisoshi. Jirgin irin na da ne, mai ƙofa a kowane layin kujeru, wadda ake bugawa da ƙarfi kafin ta rufu. Har yau in na ji an buga ƙofar ƙarfe da sassafe sai in tuna warin kujerun nan, na ƙura da tsohuwar taba. Tobi ya kwanta kusa da ƙafata, ni kuma na ɗan janye ta.

Ɗaya daga cikin matan ta dube ni ta dubi karen, ta ce da Turancin gida, “Malam, kai da kare? Duniya ta zo ƙarshe.” Suka fashe da dariya. Na yi murmushin yaƙe na ce na mai gidana ne. Daga Woolwich zuwa London Bridge na buɗe jaka na duba kwalbar zuma, ina jin ya fi sau uku. Mun haye kogi fitilun gari ba a kashe su ba tukuna.

Motar Alhaji Isaka

A gefen tashar Charing Cross, ta wajen titin ofisoshin jakadanci, Alhaji Isaka yana jiranmu. Mutumin zangon Kumasi ne, yana tuƙin tasi da dare. Tun sati guda kafin nan na yi alkawari da shi zai kai mu, bayan sallar Juma'a, na kuma gaya masa da kare, amma da alama ya ɗauka wasa nake yi. Ya fito ya zagaye Tobi daga nesa, hannayensa a baya.

“Kai, Malam Bashiru! Tsohuwan nan ya gama da kai. Gwamnati ya aiko ka karatu, ka zama yaron kare?”

“Amana ce, Alhaji.”

“Amana shi zauna a but. Kujeran mota na, mutane masu alwala ke zama.”

Motar doguwa ce mai buɗaɗɗen baya. Ya shimfiɗa tsohon tamfol a but ɗin, wato wurin kaya na baya, Tobi ya haye abinsa ba gardama. Muka nufi arewa.

Da muka iso masallacin Regent's Park sai ya ce bai yi Asuba ba, rana kuma ta kusa fitowa. Ni na yi tawa a gida. Ya bar mu a mota. Ban daɗe da zama ba na hango wani likita ɗan Kano, abokin yayana, yana tahowa da carbi a hannu. Ban san lokacin da na zame ƙasan kujera ba. Ina durƙushe Tobi ya leƙo da kansa ta saman kujerar baya yana kallona, wai ko wani sabon wasa ne. Alhaji ya dawo ya same ni a haka, ya yi ta dariya har muka wuce Finchley.

“Mai digiri biyu! Kare ya zauna kamar mutum, mutum ya ɓuya kamar kare.”

Filin gasa

Bayan Barnet gidaje suka ƙare, muka shiga wata 'yar hanya tsakanin gonaki. A ƙofar fili wani dattijo mai hular ulu ya duba sunan Tobi, ya ce, “Ina Dorin?” Na ba shi labari. Kafin in kai tsakiyar fili mutum huɗu ko biyar sun yi mini wannan tambayar, kowa kuma sai ya durƙusa ya gaisa da Tobi kafin ya dube ni. Ban ji haushi ba. Shi suka sani.

Wurin ciyawa ce jiƙe da raɓa, motoci a jere, haushin karnuka ta ko'ina. Na sayi shayi mai madara a kofin roba da burodi da cuku a wata rumfa, bayan na tambayi matar sau biyu ko wuƙar ta taɓa naman alade. Alhaji ya kwantar da kujerarsa ya rufe fuska da hula, ya ce in tashe shi in an gama haukan.

Aka ba mu dama mu zaga filin da ƙafa ba karnuka, don mu haddace hanya. Shingayen gajeru ne saboda tsofaffi. Gadar katakon kuwa tana nan da tsayinta, ita ce kusa da ƙarshe, bayan bututu. An ce za a kira mu da hantsi, amma aka yi ta jinkiri har rana ta take. Na ba Tobi ɗan biskit ɗinsa kamar yadda aka umarce ni. Ko ya isa, ko bai isa ba, ban sani ba, kuma har yau ban sani ba.

Aka kira mu. Na cire masa igiya, alƙaliya ta busa usur.

Zan so masu karatu su ga abin da na gani. Karen da ke hawa matakalar gida da ƙyar, sai ga shi yana tashi sama kamar ba shi da nauyi. Ya haye shinge na farko, na biyu, na uku, ya ratsa sanduna yana lanƙwasa jiki, kunnuwa a kwance. Ni ne ma ke neman faɗuwa a bayansa. Jama'a suka fara kiran sunansa. Ya shige bututu.

Da ya fito sai na ga ƙafarsa ta baya ta ɗan kauce. Kaɗan ne ƙwarai. Mai yiwuwa santsin ciyawa ne, na faɗa wa kaina haka. Amma ya juyo yana nemana ta hagu alhali ina damansa, abin da bai taɓa yi ba. Gada tana gabansa, bayanta shinge biyu ne kawai a gama. In ya hau, layi ya kama shi a can sama, ƙasa zai faɗo. In kuma na tsayar da shi alhali lafiyarsa ƙalau, na ɓata wa tsohuwa abu ɗaya tak da ta roƙe ni.

Na sha gabansa na buɗe hannuwa. “Tobi, kwanta!”

Alƙaliya ta ɗaga hannu, alamar mun fita daga gasa. Na ji wani a bayan igiyar da aka kewaye filin da ita yana cewa, “Haba, saurayi, saura kaɗan!” Tobi ya kwanta yana kallona da mamaki, yana kaɗa wutsiya, ba alamar ciwo. Kunya ta rufe ni. Na ce shi ke nan, tsorona ya ja mana.

Muka kama hanyar fita. Ba mu kai bakin filin ba ya tafi luu ya faɗi ta gefe, jikinsa na karkarwa, idanunsa a kafe.

Na zaro kwalbar daga aljihu. Murfin ya ƙi buɗuwa da safar fata, na cizge ta da haƙori na yar. Na dangwalo zuma, na ɗaga leɓensa, na cusa yatsa ina gogawa a dasashi. Bakin da ɗumi, yawu na bin hannuna har gwiwa. Ba abin da ke fita daga bakina sai salati da “Tobi, tashi mana, don Allah tashi,” da Hausa, harshen da bai taɓa ji daga gare ni ba. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Can sai na ji harshensa ya motsa, ya lashi yatsana.

Likitar dabbobin da ke wurin ta iso da gudu, ta duba shi, ta ce a ba shi abinci kaɗan-kaɗan, a rufe shi da bargo, a kai shi gida.

Komowa

Hayaniya ta tashi Alhaji. Na tarar da shi tsaye a jikin mota, ni kuma ina rungume da kare kamar jariri. Bai yi mini ba'a ba. Ya ɗauko buta daga but ya ce, “Kawo hannu.” Yana zuba ruwa ina wankewa. In faɗi gaskiya, sau bakwai na wanke, har da ƙasa, shi kuma bai ƙosa ba.

Da na nufi bayan mota da Tobi sai ya ce, “Wurin nan sanyi. Mara lafiya ba ya kwana a but.” Ya ja tamfol ya shimfiɗa a kujerar baya. Ya ce kuma ba maganar jirgi, har ƙofar gida zai kai mu. Muka biyo ta gabashin gari, muka shiga ramin Blackwall da ke ƙarƙashin kogi, cunkoso ya riƙe mu har bayan La'asar. Kan Tobi na bisa cinyata, hannuna a kan haƙarƙarinsa ina jin numfashinsa. Safar tana can Barnet cikin ciyawa. Duk hanya ina shirya abin da zan faɗa wa Misis Dorin, ina rushewa.

Tana bakin ƙofa a kan sandunanta, da alama ta daɗe a wurin. Tobi ya sauka da kansa, ya taka a hankali ya je ya jingina da ƙafarta. Ta ga zumar da ta bushe a gashin bakinsa.

“Ya gama?”

“Bai gama ba. Ni na tsayar da shi, kafin gada. A lokacin ban ma tabbata ba ko...”

“A ina ya faɗi?”

“A ƙasa. A kan ciyawa.”

Ta shafa kunnensa da 'yan yatsu. Na tsaya ina jiran faɗa.

“Da ni ce, da na bar shi ya hau,” ta ce. “Na san halina. Akwai mutum uku a kulob ɗinmu da suka ce za su kai shi, duk sun fi ka iya gudu. Kai ne kaɗai na san za ka ji tsoro.”

Ta juya ta ce wa Alhaji ya shigo ya sha shayi. Ya dube ni, ya dubi karen, ya cire takalmi a bakin ƙofa ya shiga.

Tobi ya ƙara shekara guda da wani abu a duniya, yana kwance gaban hitar ɗumama ɗaki, na samu labarin mutuwarsa bayan na komo gida. Ina gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya a wannan rana. Ina gode wa Alhaji Isaka, in yana raye Allah Ya ƙara masa lafiya, in ya riga mu Allah Ya jiƙansa. Ita kuma Misis Dorin, ban samu na gode mata yadda ya kamata ba kafin in taso, shi ya sa na rubuta wannan.