Kujerar Da Na Hau Da Sirrin Aminina

A lokacin ina shekara ta biyu a karatun digirin digirgir a Manchester, ina zaune da iyalina a wani flat, wato gidan haya, a unguwar Whalley Range. Bincikena gaba ɗaya a kan rayuwar wani babban ɗan siyasar Amurka ne, wanda ya taso daga majalisar jiharsu har duniya ta san shi. Na karanta tarihinsa, na kalli muhawarorinsa, har na haddace yadda yake ɗan yin shiru kafin ya ba da amsa. Sannu a hankali na bar nazarinsa, na koma son in zama shi. Matata kan yi mini tsiya cewa ko cefane ta roƙe ni sai na yi mata jawabi.

Ana nan sai zaɓen ƙungiyarmu ta ɗaliban Arewa da ke karatu a faɗin ƙasar nan ya zo, na fito takarar shugaba. Abokin karawata kuwa aminina ne, ɗan unguwarmu tun a Kano, yana karatu a Birmingham. Shi ya tarbe ni ranar da na sauka ƙasar nan, a ɗakinsa na unguwar Aston na yi sati biyu kafin in sami wuri. Jama'a sun fi son sa, ni ma na sani. Na karanta yadda ake tono raunin abokin hamayya a zaɓukan Amurka, sai na ce wa kaina ai haka siyasa ta gada.

Akwai abin da ya taɓa gaya mini ni kaɗai. Bayan rasuwar mahaifinsa ya shiga matsananciyar damuwa, har GP, wato likitansa, ya ɗora shi a kan magani, ya jingine karatu na wasu watanni. Ban rubuta a ko'ina ba. Na dai faɗa wa mutum biyu bayan sallar Juma'a, da muryar tausayi, cewa ina tsoron nauyin shugabanci ya tayar masa da ciwo. Kafin sati maganar ta zaga zauren hirar ƙungiyarmu na waya, ta rikiɗe ta koma taɓin hankali. Na ci zaɓe.

Bai kira ni ba. Bayan wata guda na kasa samun natsuwa, na hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham. Ya haɗa mini shayi, ya tambayi iyali, sannan ya ce maganar ta kai Kano, iyayen wadda zai aura sun fasa. Ya ce da na buɗe baki na ce ina son kujerar, da ya janye mini, don shi dama matsa masa aka yi. Na nemi gafara. Ya ce ya yafe don Allah, amma in daina zuwa.

A taro na gaba na miƙe na faɗi abin da na yi, na ajiye muƙamin. Na aika wa iyayen yarinyar da bayani, bai sauya komai ba. Ya gama karatunsa ya koma gida. Ko a biki muka haɗu, gaisuwa ce kawai.

Na gane cewa ba ɗan siyasar nan ne ya ɓatar da ni ba. Rayuwarsa cike take da haƙuri da faɗuwa da tashi, ni na tsallake su na je na tsinci abin da zuciyata ke so. Ciwon damuwa ba abin kunya ba ne, cin amana shi ne abin kunya. 'Yan'uwa, duk wanda ya ba ku sirrinsa ya ba ku wuyansa ne. Kujera ana sauka, amma magana idan ta fita, ko mai ita bai isa ya dawo da ita ba.