Bangon da Baba Sale Ke Bugawa

Ranar ma Baba Sale ya bugi bango da asuba, na rama masa. Haka muke tun da na tare a unguwar Nuzla. Ɗakinsa da nawa bango ɗaya ya raba, wanda ya riga farkawa shi ke tada ɗan'uwansa salla. Tsoho ne mutumin Cadi, ido ya yi rauni, ba waya, ba dangi. Na sayo burodin tamis da wake, muka karya tare.

An daɗe da shafa jan fenti a gidajen layinmu, alamar za a rushe. Muka ce ai sai bayan azumi.

Da hantsi aka yanke wuta. Fanka ta tsaya. Sai ƙarar katafila daga bakin titi, ƙasa tana rawa. Gidan farko ya zube. Mata na ihu, akuyar wani ta tsinke. Sai na ji takalman 'yan sanda a lungu, suna cewa da Larabci kowa ya fito waje.

"Barra! Yalla, barra! Iƙama!"

Tawa iƙamar, wato takardar izinin zama, ta mutu tun da kafilina, ubangidan da ya tsaya mini, ya sallame ni. In an kama ni, sai jirgin mayar da ni gida. Na sunkuci jaka. Ina ƙulle ta na ji bugu a bango. Ya sake bugawa. Ban rama ba, don kada a ji akwai mutum a ciki. Na ce in ƙura ta lafa zan dawo in ja hannunsa. Na haura ta baya.

Azahar ta same ni a unguwar Mahjar, ƙafa duk jini. Da la'asar na koma. Babu layin. Ko inda ƙofata take ban gane ba.

Na tambaya a masallatai, na tambayi 'yan Cadi. Kowa sai ya ce, Sale wa? Sale ɗan wa? Ban sani ba. Baba kawai nake ce masa, shi kuma ya ce Maƙwabci. Wa zai tambayi sunan uban mutumin da yake jin tarinsa kullum?

Mutane na cewa an raba mu. Ni ba na cewa haka. Rabuwa da sallama ake yi, a yafi juna, ka san inda mutum ya nufa. Wannan yankewa ce, irin ta wuta. Halas, shi ke nan.

Yanzu ina unguwar Madain Fahd, a ɗakin wani. Na rasa katifa, da fanka, da tukunya. Da asuba hannuna kan kai bango da kansa. Bayansa wurin ajiye motoci ne.