Kazar da Ta Yi Mana Tafinta

Ɗana na fari malamin makarantar elemantare ne a nan Jalingo, tun zamanin Turawa, lokacin da wasiƙa sai ta biyo jirgin ruwa zuwa Lau kafin a ɗoro ta a mota. Ban taɓa kiran sunansa ba, ba na kuma yi masa magana kai tsaye. Haka muka tashi muka tarar: uwa tana jin kunyar ɗan fari. In ina da magana da shi, sai in gaya wa matarsa, shi yana tsaye yana ji. In ba ta kusa, ina da wata jar kaza mai ɗingishi da ba ta rabuwa da gindin turmi, ita nake gaya wa.

A shekarun nan akwai wata jarrabawa da ake yi a Yola, wanda ya ci sai a tura shi babbar makaranta a ƙasar Turawa. Sau biyu kawai ake yarda mutum ya zauna mata. Shi ya riga ya zauna sau ɗaya, ya ci lissafi, ya ci sauran, takardar Turanci ta kayar da shi. Saura zama ɗaya ke nan. In ya sake faɗuwa, an rufe ƙofa, sai ya tsufa yana koya wa yara baƙaƙe da alli a hannu, alhali tun yana ƙarami idonsa na kan hanya.

Tun bara yake karɓar wasu ƙananan littattafai ta gidan waya. Na ji yana yi wa matarsa bayaninsu. Wai kowace magana da ke ciki an ɓata ta da gangan, an saka mata aibi a wuri ɗaya, sannan a ƙasa an jera gyara biyar, mutum ya zaɓi na gaskiya. Amsoshin kuma suna bayan littafin.

Na ce wa matar, “Wato Baturen ya san daidai, ya zauna ya ɓata, don ya wahalar da ɗan mutane?”

Ta ce, “Haka ya ce, Dada.”

Na ce, “To, wannan tsintar shinkafa ce. Wani ya zuba tsakuwa, wani ya tsince.”

Ni ban yi boko ba, har yau ban san baƙi ɗaya da sunansa na gaskiya ba. Amma Allah ya ba ni ido. Kullum bayan la’asar yana shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, ni ina can gefe ina ɓarar gyaɗa. Kwana uku ina kallonsa, na lura babban yatsansa na hagu ba ya barin bayan littafin. Zai ƙura wa magana ido, ya taɓe baki, ya ɗan ɗaga takardun baya kamar mai leƙa tukunya, sannan ya gyaɗa kai ya ce, “Dama ita na yi niyya.” Da ya gama sai ya ɗaga murya, “Sha tara cikin ashirin!” Matarsa ta yi guɗa daga madafa. Bara ma haka muka sha guɗa har aka tafi Yola.

Rana ta huɗu na watsa wa kazata ɓawon gyaɗa na ce, “Ke kaza, a Yola ma ana barin mutum ya ajiye yatsa a bayan littafi?”

Yatsan dai ya fito a hankali, ya koma cikin aljihu.

Washegari da ya tafi makaranta, na ɗauko askar yankan farce na shiga ɗakinsa. Na buɗe littattafan ɗaya bayan ɗaya, na yanke takardun bayan, na naɗe su a tsumma na saka a ƙasan kwanukana.

Matarsa ta kama baki. “Dada! Littafin Turawa ne fa!”

Na ce, “Na gani. Ba Alƙur’ani ba ne.”

Da ya dawo ya tarar da aikin da na yi, ya tsaya a tsakar gida da littafi a hannu kamar wanda aka yi wa aski rabi. Ya dubi matarsa ya ce, “To yanzu wa zai duba mini?” Kai wa hedimasta ba zai yiwu ba, don bai so a sani a makaranta cewa zai sake gwadawa. Matarsa kuwa ni da ita duk kanwar ja ce a boko.

Na ce wa kaza, “Ai na ji an ce gyaran biyar ne. Mutumin da ya san shanun ubansa ɗaya bayan ɗaya da zanen goshinsu, alama biyar za ta gagare shi?”

Sai ya tsuguna ya zana su a ƙasa da tsinke, wai matarsa yake nuna wa. Na leƙa. Ta farko bukka ce da aka gitta mata sanda. Ta biyu mace ce mai ciki biyu, ɗaya bisa ɗaya. Ta uku jinjirin wata. Ta huɗu ɓarin ƙwarya. Ta biyar mataji mai haƙora uku. Kafin magariba na riƙe su. Ya ce akwai kuma lambobi ƙanana a gefen kowace alama. Na ce wa kaza waɗannan kiyashin ba ruwana da su, biyar aka yi alkawari.

Ga yadda muka tsara aikin. Yana zama bayan la’asar, ya yi magana ashirin, kuma dole ya ajiye alƙalami da zarar inuwar katanga ta taɓa randa, don a Yola ma da lokaci ake yi. Sannan in fito da takardata, in juya masa baya, in ɗora tsinke a kan alamar farko. Alamomin a jere suke daga sama zuwa ƙasa kamar tsani. Shi ya kira amsarsa da sunayen da na raɗa, “Bukka!” ko “Mataji!” In ta dace da tawa in jefa gyaɗa a ƙwarya, in ba ta dace ba in jefa tsakuwa. Ƙarar ma daban take, ba sai an yi magana ba.

Ranar farko gyaɗa takwas, tsakuwa sha biyu.

Na ce, “Kaza, jiya sha tara, yau takwas. Ko Turancin a hanyar makaranta ya zube?”

Matarsa ta shige madafa da sauri, na ji tana tari irin na mai ɓoye dariya.

Amma daga nan ya fara aiki na gaske. Duk maganar da ta jawo tsakuwa sai ya koma mata, ya yi ta juya ta a baki har ya gano inda aibin yake. Wani lokaci ya fassara mana. Na tuna wata, wai mutum ne yana tafiya kasuwa ruwan sama ya doke shi, amma yadda aka jera kalmomin, ruwan ne ya zama mai tafiya kasuwar. Matarsa ta ce, “To me ruwan zai sayo?” Ya ce, “Laima.” Duk daminar nan haka muka yi. Gyaɗa ta hau sha biyu, ta hau sha biyar, ta kai sha bakwai ta zauna. Ba a yi guɗa ba, don na hana. Na ce a ajiye ta sai an dawo daga Yola.

Saura mako uku a tafi, sabon littafi ya iso, ya fi na da kauri. Na yanke bayansa kamar yadda na saba. Da na buɗe takardar sai na ga alamomin ba a tsaye suke kamar tsani ba, a kwance suke, layi layi, goma a kowane. Ban ga abin tambaya ba a nan. Na ga yatsan mahaifina yana bin layi a takarda, na ga na marigayi maigidana, na ga allo ya fi dubu. Na san ta inda rubutu ke farawa. Na ɗora tsinkena a hannun dama na kama aiki.

Ranar nan gyaɗa huɗu.

Ya ce a sake ƙirgawa. Matarsa ta zazzage ƙwaryar a faifai, huɗu ce. Washegari biyar. Rana ta uku, uku. Tsakuwa ta ƙare mini, sai da na je bakin rafi na ɗebo wata. Ya daina fassara mana maganganu, ya daina taɓa tuwo sosai, doyar da wata mata 'yar ƙabilar Mumuye ke kawo mana daga kan dutse, wadda yake so kamar me, sai ya ɗan gutsura ya ture kwanon.

Matarsa ta same ni a ɗaki ta durƙusa. “Dada, don Allah ki ɗan ƙara masa gyaɗa ko biyar. Wa zai sani?”

Na ce, “Yola za ta sani. Bara ƙaryar yatsa ce ta kayar da shi, bana ba za a ce ƙaryar uwarsa ce ba.”

Rana ta biyar na ji yana gaya wa matarsa ba zai je Yola ba. Gara a ce bai zauna ba da a ce ya faɗi sau biyu. Da la’asar ta yi na ɗauko ƙwaryata na zauna a wurina, na ce wa kaza, “Inuwa ba ta jiran mai fushi.” Ya fito.

Rana ta shida ce abin ya faru. Ya kira ta farko, tsakuwa. Ta biyu, tsakuwa. Ya kira ta uku, “Jinjirin wata,” tsinkena yana kan mataji, na jefa tsakuwa.

Sai na ji ya ce, “Dada, a’a.”

Tun da na haife shi bai taɓa ce mini a’a ba. Matarsa ta saki muciya.

Ya ce, “Wannan jinjirin wata ce. Na bi ta gaba, na bi ta baya, na san dokarta. Ko wanda ya ƙirƙiro Turanci ne ya tashi daga kabari ya ce mataji ce, zan ce masa ya koma ya kwanta.”

Na ce, “Kaza, gaya masa takarda ba ta ƙarya.”

Sai ya juya ya dubi kazar, da gaske, ya ce, “Ke kaza, gaya mata ni ma ba na yi.”

Kazar ta dube ni, ta dube shi, ta ci gaba da tonon ƙasa.

Na zaci zai ce in miƙo takardar, in kuwa ya faɗa da na hana. Bai faɗa ba. Sai ya ce, “Ba na son ganin komai. A ɗaga hannu kawai a nuna mini a iska yadda tsinken ke tafiya.”

Na ɗaga tsinke, na ja shi daga dama zuwa hagu.

Ya zauna daɓas a kan tabarma. Da farko na ɗauka kuka yake, ashe dariya ce, irin wadda ke hana numfashi. Yana riƙe ciki yana cewa, “Daga hagu! Turawa daga hagu suke farawa!” Kwana shida ina auna amsarsa ta farko da ta goma, ta biyu da ta tara.

Muka ɗauko aikin kwanakin nan gaba ɗaya muka sake bi, tsinke yana tafiya ta bauɗaɗɗiyar hanya. Sha bakwai, sha takwas, sha takwas, sha shida, sha bakwai. Na ranar kuwa sha tara, sha tara ta gaskiya, ba yatsa. Ta ukun nan jinjirin wata ce.

Na kwashe tsakuwata na ce, “Kaza, mutanen da ke fara abu da hagu, wa zai amince musu?” Iyakar abin da na faɗa ke nan. A lokacin ban ga dalilin da uwa za ta ba ɗan fari haƙuri ba.

Ya tafi Yola. Da ya dawo ya gaya wa matarsa cewa a tsakiyar jarrabawar ya gamu da wata magana da ta so ta ruɗa shi, sai ya tuna ya yi jayayya da uwarsa ya kuma yi nasara, to Baturen da ke zagaye da agogo a hannu me zai yi masa? Bayan an gama girbin dawa takarda ta zo. Ya ci.

Matarsa ta saki guɗar da ta ajiye wata biyar, har maƙwabta suka shigo. Ni kuma na ga baƙi sun cika gida, babu nama, na sa aka kama jar kazar aka yanka. Sai da aka ci aka suɗe, matarsa ta tsaya da ƙashi a hannu ta ce, “Dada! Kin yanka tafinta!”

Ban ga girman abin ba sai ranar tafiyarsa. Motar Lau tana jira a bakin kasuwa, an fitar da akwatinsa, ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakina yin sallama. Matarsa ta ruga madafa ɗauko guzurin da ta manta. Na duba gindin turmi, ba kowa. Ni da shi kaɗai, ga magana a bakina tun damina.

Na dube shi na ce, “Ranar nan kai ne da gaskiya.”

Ya ɗago kai, ya waiga bayansa ya ga ko da wani nake.

Na ce, “Da kai nake. Tashi, mota ba ta jira.”